Fiyus Mai Yashi

Abin da idona ya fara kamawa a jikinsa ba fuskarsa ba ce. Wani ɗan akwati ne ruwan ɗorawa, bai fi tafin hannu ba, da wayoyi biyu a jikinsa, ja da baƙa. Ina tsaye bayan labulen ɗakin mahaifiyata a gidanmu na unguwar Turaki a Jalingo, yatsana a cikin littafin da nake karantawa, shi kuwa yana kan benci a zaure yana neman inda wutar gidanmu ta yanke. Ya taɓa nan da jan tsinke, ya taɓa can da baƙi, sai akwatin ya yi ɗan kuka siriri kamar na tsako. Ya yi murmushi shi kaɗai. A littattafan da na taso ina karantawa, saurayi da mota yake zuwa, ko ya sauko daga jirgi da jaka a hannu. Nawa da mitar awon wuta ya zo. Bayan shekara guda aka ɗaura mana aure.

Na fara da wannan ne saboda ƙawayena. Duk biki, duk suna, sai wata ta matso ta ce, "Maimuna, wai da gaske har Kamaru kika je sayen mita?" In na fara ba da labarin sai a kawo abinci, ko yaro ya yi kuka, a watse. Shekaru sun ja, har wasu sun fara ƙara masa gishirin da ban sa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Muna da shekara shida da aure aka kira mijin nawa, Baban Walida, aiki a Iware, wani injin niƙa mai wuta layi uku ya ƙi tashi. Ya sa tsinkayen mitarsa a akwatin wutar, sai ta fashe a hannunsa na dama. Waɗanda ke wurin sun ce sun ɗauka taya ce ta yi bindiga. Hannun ya warke bayan wata biyu, ya bar tabo a yatsu uku. Zuciyarsa ce ba ta warke ba. Ya sayo wata mitar a kasuwa, irin ta da, ya ajiye ta a ledarta bai buɗe ba. In an yi sallama ana neman mai gyaran wuta, sai ya yafito ni da hannu in ce ba ya nan. Mutumin da ke waƙa a kan tsani ya koma zama a tabarma yana kallon kaji.

"Mitocin duk iri ɗaya ne a kasuwar nan," in ji shi wata rana. "Fenti ne kawai ya bambanta. Wani ɗan Kamaru da muka yi aikin rijiyar burtsatse tare ya taɓa yin kuskuren da na yi, a gabana. Tasa ko tari ba ta yi ba. Ya ce a Garwa ya saya."

A wannan makon ya gaya min ya yi magana da wani, ƙarshen wata zai zo ya saye akwatin kayan aikinsa, shi kuma ya nemi keke ya riƙa ja. Ban raina keke ba. Amma na san mijina, in akwatin nan ya fita daga gidan, wani abu nasa ya fita ke nan ba zai dawo ba. Saura kwana goma sha ɗaya.

Maƙwabciyarmu Mama Tabita, 'yar Lau ce, tana kai busasshen kifi Garwa ta dawo da sabulu da atamfa. Na nemi izini in raka ta, na ce ina so in gwada sarin atamfa. Ya ce in je, ko ɗago kai bai yi ba. Na sayar da 'yan kunnen zinarin da mahaifiyata ta ba ni ranar aure, na naɗe gawar tsohuwar mitar a ɗankwali, na sa a jaka tare da littattafai biyu. A raina na riga na zama tauraruwar labari, wadda ta ƙetare kogi saboda masoyinta.

Mama Tabita ba ta raba "ka" da "ki", kowa "kai" ne a wurinta, kuma har yau Amarya take kirana. Da ta ga gyalena mai duwatsu a tasha da safe sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Amarya, kai biki za ka je?"

"Mama, ai ƙasar waje za mu."

"To. Ƙasar waje, riƙe min kwandon nan."

Haka na yi tafiyar Jalingo zuwa Jimeta da kwandon kifi a cinya. Turaren da na fesa bai kai Zing ba ya sallama. A Zing muka sayi gasasshiyar doya da ƙuli, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ci tata ta ci rabin tawa tana ba ni labarin jikokinta. Kusa da Mayo Belwa taya ta sace, direba ya ce kowa ya sauka, maza suka ɗaga motar da duwatsu saboda jak ɗinsa yana wurin wani abokinsa a Numan. Na buɗe littafi in karanta a gindin bishiya, Mama ta ce in rufe in kori ƙuda daga kifinta.

Daga Jimeta muka sake mota ta Fufore zuwa Gurin, muka isa bayan la'asar. A nan aka canza mana naira zuwa sefa, takardu manya masu launi, na riƙa juya su kamar katin gayyata. Sai kogin Faro. Tun a gida nake zana wannan wurin a zuciyata: ni a bakin kwalekwale, iska tana kaɗa gyalena. Abin da ban zana ba shi ne babura biyu da buhunan siminti da akuya da za a loda tare da mu. Wajen shiga, laka ta riƙe takalmina na hagu ta ƙi saki. Mai kwalekwale ya zaro shi da sandarsa, ya miƙo min yana cewa, "Hajiya, Najeriya ba ta so ki tafi." Har muka ƙetare idona a rufe, hannuna a cikin na Mama Tabita, ita tana waƙar cocinsu a hankali, ni ina karanta duk addu'ar da na sani.

A ɗaya gaɓar akwai rumfar jandarmomi. Mama ta saba da su, ta gaishe su da Fulatanci, ta miƙa takardun wucewarmu. Wani dogo ya buɗe jakata, ya warware ɗankwalin, ya ga abu baƙi ƙonanne da wayoyi. Ya ja da baya taku ɗaya. Mama ta yi masa bayani mai tsawo, tana nuna hannunta na dama, tana nuna ni. Ban ji komai ba sai "gorko", wato miji. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya naɗe shi da kansa da kyau kamar yadda na naɗe. Sai ya ɗauki littafina ɗaya, ya dubi zanen budurwar da ke bangon, ya dube ni da laka har gwiwa, ya tambayi Mama ko ni ce. Ta ce ni ce, kafin kifi.

Daga nan mota ta kai mu Garwa, muka sauka a gidan wata Dada Ayi, Bafulatana mai saukar da mata 'yan kasuwa. Ɗaki ɗaya, tabarmi shida, fanka ɗaya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne soket ɗinsu: ramuka biyu ne zagayayyu, ba uku masu kusurwa irin namu ba. Cajata ta ƙi shiga. Na ɗauko tsinken ashana zan yi dabarar da muke yi a gida, Dada Ayi ta buge min hannu ta kawo wani ɗan kai da ake sawa a tsakani. Da safe na farka na ga fankar tana juyawa kamar yadda muka bar ta, na tambaya janaretan wa aka bari a kunne. Matan ɗakin suka yi ta dariya.

Karin kumallo burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har yanka dasashi yake, a tsaga shi a zuba wake da mai. Na ce wannan ai ya kwana uku. Dada Ayi ta ce yanzu aka fito da shi daga wuta, namu na Najeriya ne soson katifa da sukari. Zobo kuwa folere suke ce masa, kuma ganyensa suke miya da shi, mai tsami, da kifin Binuwai. Shi na fi kewa. Na gwada shi a Jalingo ya fi sau goma, bai taɓa fitowa kamar na tukunyar Dada Ayi ba. Na kuma ga mata da zane da ɗankwali suna tuƙa babur da kansu, ba mai waiwayensu.

Mama ta gama da kifinta kafin hantsi, muka shiga babbar kasuwa. Na tari wani mutum na ce mita nake nema. Ya ce in biyo shi, ya kai mu layin masu yadi. Ashe a can ba a auna yadi da yadi, da mita ake aunawa. Mai shagon ya ce mita nawa, na ce ɗaya, ya ɗauki almakashi. Na ce a'a, ta awo. Ya ce ya gane, ya kawo min tef ɗin tela. Na ce ta wuta. Aka haɗa mu da wani ya kai mu inda ake sayar da akwatin mitar da ake kafawa a bangon gida.

"Kai da mita," in ji Mama Tabita. "A gida mijinka ya ce mitar ka ya yi yawa, a nan kuma ka rasa guda ɗaya."

Sai da na warware ɗankwalin na nuna gawar, sannan aka nuna mana layin masu kayan wuta. A shago na biyu na gan ta. Ja ce mai sheƙi, allonta babba, in an danna wani maɓalli sai ya yi haske shuɗi, har da 'yar fitila a goshinta. Kuɗinta bai kai rabin abin da na zo da shi ba, ga atamfa ta samu ke nan. Na riga na ga kaina ina miƙa masa ita a kan faranti. Na buɗe jaka.

Mama ta dafe hannuna. Ta ce wa mai shagon, "Buɗe cikinsa."

Ya ce ba a buɗewa, sabuwa ce.

"Ni shekara talatin ina sayen kifi. Ban taɓa biya ba sai na ɗaga kunnensa na shinshina. Wanda ya fi ƙyalli a rana, shi ne aka shafa wa mai. Buɗe."

Ya ƙi. Ya ce in buɗe-buɗe muke so mu je ƙarshen layi wurin Baba Hamadu, shi ne ba ya sayar da ko ƙwan fitila sai ya yi wa'azi. Na bi Mama raina a ɓace, ina waiwayen jar mitar.

Muka tarar yana rufe shago. A can in rana ta take, kasuwa takan yi barci, ba kamar tamu ba da mai shago zai bar tuwo a baki ya tari mai saye. Muka zauna a inuwa har bayan azahar. Baba Hamadu tsoho ne siriri, ya yi aikin wuta a wata masana'antar auduga har ya yi ritaya, ya kuma zauna a Mubi, saboda haka yana jin Hausa. Ya karɓi ɗankwalin, ya sa tabarau, ya kwance gawar da sukundireba. Sannan ya ɗago wani silin jan ƙarfe da ya narke, da bakin filaya.

"'Yata, wa ya sa wannan?"

Na san wanda ya sa. Wata Asabar ce, watanni kafin Iware. Ɗan fiyus ɗin gilas da ke cikin mitar ya ƙone, Baban Walida ya ce in miƙo masa guntun waya. Ni na feɗe ta da haƙorina, na zaro sili ɗaya na ba shi, ya ɗaura a gurbin fiyus ɗin. Har na yaba masa, na ce babu abin da ke gagarar hannunsa. A Jalingo wa ke sayen fiyus? Waya ake sawa, ko takardar azurfa ta kwalin biskit.

"Ni da shi," na ce.

Bai yi min faɗa ba. Ya ɗauko wata mita daga ƙasan kanta, ya nuna min ramukan da ake soka wayoyi. "Wannan ramin leƙen wuta yake yi daga nesa, ya faɗi ƙarfinta. Wannan kuwa ƙofa yake buɗe mata ta bi ta cikin mitar. Mijinki ya auna wani abu ta ƙofar, ya manta bai mayar da jar waya ba, ya taɓa layi biyu na injin. Babu mai aikin wutar da bai taɓa wannan mantuwar ba. Ni na yi sau uku. Ranar mantuwa ake saya wa mita, ba ranar da hankali ke jiki ba."

Ya ce ko fiyus ɗin gilas ɗin yana nan, da wuya ya tare wutar injin niƙa, domin wutar takan tsallake ta cikin iskar da ke gilas ɗin ta ci gaba da ci. Waya kuwa ta fi muni. Sai ya kwance tasa mitar. Toka-toka ce, mai nauyi, babu haske, babu fitila, ba abin da za a sa a faranti. A cikinta akwai fiyus biyu farare masu kauri kamar guntun alli. Ya ɗauko wani matacce irinsu daga gwangwani, ya fasa shi da filaya, ya ce in buɗe hannu. Yashi ya zubo min, fari, mai laushi.

"In wuta ta yi yawa, zaren ciki ya narke, yashin nan ya danne tartsatsin ya shanye zafin. Ba ta samun hanyar tsallakewa."

Mama Tabita ta leƙo tafin hannuna. "Yashi? Amarya, da ka faɗa min tun a gida, ai da na ɗebo maka buhu a Lau."

Baba Hamadu ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya nuna min tsagogin da aka yanka a allon cikin don kada wuta ta yi tsalle daga wannan layi zuwa wancan, da bakin murfin da ke shiga cikin ɗan'uwansa don in abu ya fashe ya tsaya a ciki, da ɗan tudun da ke jikin tsinkayen don kada yatsa ya zame ya taɓa ƙarfe. Na ce amma lambobin da ke rubuce a fuskar jar mitar can iri ɗaya ne da na wannan. Ya ce tawada ba ta da tsada, ya aika aka karɓo irin jar, ya kwance ta a gabana. Inda aka zana gurbin fiyus na ƙofar nan, babu komai sai ƙarfe miƙaƙƙe.

Da ya faɗi kuɗin tasa sai na ɗauka ban ji daidai ba. Zai sayi irin ta kasuwarmu bakwai. Na taya rabi, yadda muke yi a gida, ya fara mayar da sukurorin ba tare da ya dube ni ba. Mama ta ja kujera ta shiga Fulatanci da shi, suka bi ta kan Mubi, da ciwon gwiwa, da tsadar kifi. Ya rage kaɗan. Amma ya ce ba zai sayar ba sai da fiyus biyu na ajiya, kuma da sharaɗi.

"Ki gaya masa, ranar da zai sa waya a cikin wannan, ya dawo min da kayana. Ba na sayar wa mutum abin da zai cire masa hannu da sunana."

Na dawo Jalingo babu atamfa ko falle ɗaya, kuɗin motar ma daga Gurin cikin na kifin Mama ya fito. Saura kwana biyar. A hanya na shirya kalaman da zan faɗa, na shirya waɗanda zai mayar min. A littafi, nan ne idon namiji ke cikowa da hawaye.

Ya ce, "Ina atamfar?"

Na miƙa masa ledar. Kalaman duk suka gudu. Ya juya mitar, ya auna nauyinta a hannu, ya tashi ya buɗe akwatin da ya yi wata huɗu bai taɓa ba, ya ɗauko sukundireba. Ya kwance ta a kan tabarma. Ya ciro fiyus ɗaya ya kai kunne ya girgiza. Na isar masa da saƙon Baba Hamadu kalma da kalma, har da maganar silin waya. Ya dubi yatsunsa, sannan ya dubi kunnuwana.

"Ina 'yan kunnenki?"

"Suna Garwa," na ce, ko da yake a kasuwar Jalingo na bar su.

Kwana biyu bai yi min magana ba sai gaisuwa. A rana ta uku Mama Tabita ta aiko cewa soket ɗin ɗakinta yana wari, kuma ita ba ta yarda da kowa ba sai shi. Na san babu abin da ya samu soket ɗin. Ya je, ya daɗe, ya dawo da gumi a goshi. Ranar da mai sayen akwatin ya zo, a ƙofar gida ya tare shi, na ji yana cewa, "Ka yi haƙuri, Malam, na fasa."

Ban sake zuwa Garwa ba. Mama Tabita ƙafa ta zaunar da ita a Lau wurin 'yarta, an ce layin masu kayan wutar ma yanzu rabinsa masu sayar da wayar salula ne.

Baban Walida kuwa yana nan yana aikinsa, furfura ta fito, sai da tabarau yake karanta lambobin. Shekara tara bayan tafiyata aka kira shi wani injin casar shinkafa a hanyar Lau. Ya dawo da azahar, ya wanke hannu, ya zauna, na kawo abinci. Ya ci rabi sannan ya ce, "In kin tashi ki ɗauko min fiyus ɗaya cikin na ajiyar nan."

Na ajiye ludayin. "Me ya faru?"

"Na sake mantawa. Layi biyu, kamar na Iware."

Na kama hannayensa duka biyu ina juyawa, har da miyar da ke jiki.

"Ƙas kawai na ji, kamar an karya tsinken tsintsiya," in ji shi. "Mai injin yana tsaye kusa da ni bai ma san an yi ba. Na mayar da wayar raminta na ci gaba. Sake min hannu in gama, Maimuna, na ce musu zan koma kafin la'asar."